Wa Ke Biyan Shirun Marubuci?

Suna ɗaya ake bugawa a bangon littafi. Mai karatu ya ɗauka, ya duba sunan, ya yaba ko ya kushe, ba ya tambayar wa ya yi cefane a gidan cikin watannin da ake rubutun, ko wa ya goya jaririn da ya tashi da zazzaɓi a daren da aka kammala babi na bakwai. Amma duk wanda ya taɓa zama don ya haɗa shafi goma masu ma'ana ya san rubutu yana da wani abinci da ba ya rayuwa sai da shi, wato shiru: awa biyu ko uku a jere waɗanda babu mai kiran sunanka a cikinsu. A gidajenmu kuwa shiru ba ya faɗowa daga sama. In ka ga mutum ya same shi, to wani ne ya kwashe hayaniyar ya ɗora wa kansa. Abin da nake so mu duba shi ne ko marubuci yana da haƙƙin karɓar wannan shiru, kuma daga hannun wa ya halatta ya karɓe shi.

Mu fara da sanin wane ne marubuci a wurinmu. Daga Tawa zuwa Damagaram da wuya a nuna mutumin da alƙalami kaɗai ke ciyar da gidansa. Marubucinmu malamin lakol ne, ko ɗan jarida, ko ma'aikacin wata ƙungiya. Yana fita da safe ya tsaya gaban aji cike maƙil, ya dawo da damin takardun jarrabawa a ƙarƙashin hammata. A kan teburinsa, in yana da tebur, ayyuka uku ko huɗu ne ke turereniya: fassarar wani ɗan littafin kiwon lafiya da aka ba shi kwangila, wasan kwaikwayon da ya yi wa matasan unguwa alƙawari, da ƙagaggen labarin da ke kwance cikin kaye shekara huɗu ke nan. Wanda ake biya shi ke shiga gaba kullum, don buhun hatsi ba ya jiran babi ya nuna. Gidan kuma cike yake. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar yara 7.6 a matsakaicin lissafi, kuma ko da adadin ya ɗan sauka daga baya, babu wanda zai ce tsakar gidajenmu sun yi tsit.

Ga kuma zumunci, wanda aka ce a ƙafa yake. Suna da sassafe, ɗaurin aure da hantsi, jana'iza a kowane lokaci, sannan gaisuwar uku da ta bakwai da ta arba'in. Mutumin da aka yi wa sallama a zaure ya aika yaro ya ce yana aiki, alhali an san yana ciki zaune da bik a hannu, ba za a ce masa mai himma ba. Girman kai za a kira abin, ko a ce boko ya ɓata shi. Al'adarmu ta yarda manomi ya yi nisa a gona, ta yarda ɗan kasuwa ya yi wata a hanya, amma ba ta saba da mutumin da yake nan kuma ba ya nan ba.

A 1929 wata marubuciya ƴar Ingila, Virginia Woolf, ta fitar da ɗan littafi inda ta kafa hujja cewa mace ba za ta iya rubuta ƙagaggen labari ba sai tana da kuɗin kanta, fam 500 a shekara, da ɗakin kanta mai makulli. Maganar makulli za ta ba uwar yara biyar a Maraɗi dariya. Duk da haka Woolf ta taɓo gaskiyar da masu yabon baiwa ba su son ji, cewa hazaƙa tana buƙatar wuri da lokaci da abin sawa a baki. Abin da ya kamata a ƙara shi ne ita ba ta haihu ba, kuma akwai masu aiki a gidanta da ke dafa abinci su share ɗaki. Ko shirun wadda ta fi kowa bayyana darajar shiru, wasu hannaye ne suka riƙe shi.

Akwai tsohuwar amsa da ake bayarwa, wadda ke cewa babban aiki yana wanke abin da aka ɓata a hanyarsa. Malamai da yawa a cikinmu sun karanta Rousseau a makarantar horon malamai. Littafinsa Émile, na 1762, yana cikin waɗanda suka sauya yadda Turai ke kallon tarbiyyar yaro. Mutumin nan kuwa yara biyar da aka haifa masa, ɗaya bayan ɗaya ya sa aka kai su gidan ƴan tsintuwa na birnin Paris, kuma shi da kansa ya amsa haka a rubuce. Tolstoy na Rasha bai yar da nasa ba, amma matarsa Sofiya, wadda ta haifa masa yara 13, ita ce ke kwana tana kwafe babban littafinsa na yaƙi da zaman lafiya da hannu, ya sake gyarawa, ta sake kwafewa. Duniya ta amfana da littattafan nan biyu, babu gardama. Sai dai lissafin da ake yi mana a nan yana da aibi: wanda aka karɓi bashi a hannunsa daban, wanda aka biya daban. Dubban masu karatu sun samu riba, amma ba su ne aka raba da uwa ba. Alherin da ka yi wa jama'a ba ya sauke haƙƙin mutum ɗaya da ba a nemi yardarsa ba, kamar yadda gina rijiya a bakin hanya ba ya biyan bashin maƙwabci.

Aibi na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Ana karɓar shirun ne tun kafin a san abin da zai haifar. Ranar da mutum ya rufe ƙofa, shi kansa bai san ko littafin zai fito ba, balle ya yi kyau. A bayan kowane Tolstoy akwai ɗaruruwan maza da suka ci irin wannan hidima shekara da shekaru, ba su bar komai ba sai tarin takardun da gara ta cinye. Caca ce, kuma da dukiyar wani ake yin ta.

A wurinmu abin bai kai ga gidan ƴan tsintuwa ba, shi ya sa ba a ganinsa. Ga yadda yake faruwa. Maigida ya zauna zai yi rubutu bayan la'asar, ƙaramin yaro ya fara kuka, sai a ji murya daga ɗaki: ke, ɗauki ƙanenki ku fita waje, babanku na aiki. Wadda ake kira ɗin babbar ɗiya ce, mai shekara goma sha biyu ko sha uku, kuma ita ma tana da darasin da za ta bita kafin gobe. Ta ajiye kayenta ta goya yaro. Babu wanda ya daka mata tsawa, babu wanda ya yi niyyar cutarta, ita ma ba ta ɗauki abin zalunci ba, don haka ta ga ana yi a kowane gida. Amma awa biyun da uban ya samu daga cikin karatunta aka yanko su, kuma in an yi haka sau uku a mako har shekara ta zagayo, za a ga wurin yankan a sakamakon jarrabawarta. Ba abin mamaki ba ne a tarar takardar da uban ke rubutawa a wannan maraicen a kan muhimmancin ilimin ƴaƴa mata take. Mu da muke koyarwa mun san yarinyar nan. Ita ce mai gyangyaɗi a layi na uku, wadda muke rubuta wa “ta ƙara ƙoƙari” a takardar sakamako.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce marubuci ya karya alƙalami ya zauna raino ba. Rubutu ma bashi ne, kuma yara na cikin masu bin sa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Doka tana iya ɗaga harshe, amma ba ta rubuta masa littafi. Yaron da ya koyi haɗa baƙi da wasali cikin harshen uwarsa, ya waiwaya bai ga abin karantawa ba sai littafin aji da takardar faɗakarwa kan sauro, an buɗe masa ƙofar ɗakin da babu kowa a ciki. Wani ne zai zauna ya cika ɗakin, kuma wannan wanin yana da iyali. Saboda haka uban da ya bar rubutu gaba ɗaya don kada a ce ya gaza a gida, shi ma ya tauye wani haƙƙi, sai dai masu shi ba su san suna bin sa ba.

Sananne ne labarin sahabban nan biyu, Salmanu da Abu Darda'i. Salmanu ya kai ziyara ya tarar da matar gidan a yamutse, don mijinta ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare. Ya hana shi, ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, jikinsa yana da haƙƙi, iyalinsa ma haka, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. In har ibada ba ta zama hujjar tauye iyali ba, ina ga ƙagaggen labari? Amma a lura, labarin bai ba da mudu ba. Bai ce wa awa nawa, wa awa nawa ba. An bar wa mutum awon, kuma a nan wahalar take.

Abin da ke taimakawa wajen awon, a ganina, shi ne duba wa'adin kowane bashi. Na yaro yana da rana. Tambayar da ɗan shekara huɗu ya yi maka yau, in ka ce sai an jima, ba zai dawo da ita yana ɗan sha huɗu ba. A lokacin ya sami wasu masu amsa masa, kuma ba kai ka zaɓe su ba. Littafi ya fi haƙuri. Mariama Bâ ta Senegal malamar makaranta ce, uwar yara tara, kuma sai da ta kai shekara hamsin littafinta na farko, Une si longue lettre, ya fito a 1979, ya ci kyautar Noma a 1980. Ana yawan kawo ta misali don a kwantar wa mata hankali, a ce musu lokaci na nan. Ni kuwa in na tuna ta rasu a 1981, littafinta na biyu ma bai fito tana raye ba, sai in ga misalin yana da kaifi biyu. Littattafai nawa ne suka tafi tare da ita? Haƙurin littafi yana da iyaka, iyakarsa kuwa ajali, wanda ba ya shawara da kowa.

Kuma kusan kullum mata ake ce wa su jira. Namiji in ya rufe ƙofa akwai mai tsare masa ita, mace in ta rufe, tukunya ce ke ƙonewa. Buchi Emecheta ƴar Nijeriya ta yi rainon yara biyar ita kaɗai a London bayan mijinta ya ƙone rubutunta na farko, tana aiki tana karatu, tana tashi da asuba ta yi rubutu kafin su farka. Balaraba Ramat Yakubu ta Kano an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, ta koma ta nemi ilimi da girmanta, sannan ta ba mu Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Waɗannan daga barcinsu suka yanki shirun, ba su taɓa na kowa ba, kuma shi ya sa nasu ya fi tsarki. Amma ba tsari ne da al'umma za ta yi alfahari da shi ba, a ce rabin masu baiwarta sai sun sayar da barci kafin su yi magana.

Saura mai bin bashi na uku, wanda ba a cika tuhumarsa ba don yana zuwa sanye da rigar kishin ƙasa, wato labarin duniya. Bahaushe da rediyo tsohuwar abota ce, tun sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957. Da can labari yana da lokacinsa, safe da rana da dare, in an rufe tasha kowa ya koma harkarsa. Yanzu salula ta kawar da lokacin. Saƙon murya na shigowa a WhatsApp tun kafin sallar asuba, wani ya ƙaryata shi da hantsi, wani ya kawo sharhin ƙaryatawar da azahar. Wanda ya zauna ƙasar nan bayan 26 ga Yulin 2023 ya san yadda abin yake. Takunkumin CEDEAO ya rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, farashin shinkafa da magani ya tashi, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage takunkumin. Wannan labari ne da ya shigo har cikin tukunya, babu mai iya kau da kai daga gare shi. Amma sanin abin da ya faru daban, zaman jiran abin da za a ce ya faru daban. Na farko minti goma sha biyar ya ishe shi a yini. Na biyu ba ya ƙoshi.

A nan nake ganin yawancinmu muke ɓoye. Mutumin da ke kukan yara sun hana shi rubutu, a ƙirga masa awowin da yake yi a fada ana zuba shayi ana raba wa manyan ƙasashe laifi, a haɗa da waɗanda yake yi kwance da salula a kan ƙirji. Sau da yawa za a sami awa biyun nan da yake nema, har da ƙari. Wannan ne lokaci ɗaya tak da zai iya ɗauka ba tare da ya zalunci kowa ba, kuma shi ne wanda ya fi wuyar saki, don yana da daɗi, kuma yana sa mutum ya ji kamar yana cikin masu juya al'amura. Cewa yarinya ta fita da ƙanenta ya fi sauƙi a kan kashe salula. Ga kuma matsin abokai: kai da kake marubuci, me ka ce kan abin da ya faru jiya? Kamar dai marubuci famfo ne, a murɗa ra'ayi ya zubo.

Za a ce mini, ashe marubuci ba shi da alhakin yin magana a kan zamaninsa? Yana da shi, kuma tarihinmu bai rasa waɗanda suka biya kuɗin haka ba. Boubou Hama ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974 yana rubuta littattafai gomomi, juyin mulkin 1974 ya kai shi kurkuku. Abdoulaye Mamani ɗan Sawaba ne, ya yi gudun hijira har Aljeriya, ya dawo gida aka ɗaure shi. Akwai ranar da shiru yake zama cin amana, kuma mai lamiri yana gane ta in ta zo. Amma a duba abin da ya rage a hannunmu daga Mamani. Sarraounia ne, wanda ya fito a 1980, yana ba da labarin turjiyar Lugu ga rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Shekara 81 tsakanin aukuwar abin da littafin, kuma littafin ne, tare da fim ɗin da Med Hondo ya yi da shi a 1986, ya mayar da sunan sarauniyar bakin ƴan makaranta. Adabi yana amsa wa zamani, amma da tafiyar raƙumi yake zuwa.

Ko Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864 cikin yaƙi da hijira, ta haifi ƴaƴa, ta tsara karatun mata ta hanyar jajis da ƴan taru, ta kuma yi waƙa a kan yaƙin Gawakuke na 1836 (ranar da mu mutanen Maraɗi da Tsibiri ba mu tuna ta da farin ciki, don kakanninmu ne aka ci), ba kowace jita-jitar kasuwa ta mayar waƙa ba. Ta zaɓi abin da ya cancanci tawada. Kuma kada mu manta matar Waziri Giɗaɗo ce, gidan waziri kuwa ba ya rasa barori da kuyangi. Ita ma akwai waɗanda suka riƙe mata shirunta, tarihi bai ajiye sunayensu ba.

Misalin Abubakar Imam ya fi kowane kusa da mu malamai. Yana koyarwa a Midil ta Katsina aka ɗauke shi a 1936 zuwa Zariya, aka sauke masa aji na wajen wata shida, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku da har yau ake karantawa a ɓangarorin iyaka biyu. A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya yi wa jama'a aiki babba a jarida, ya rubuta wasu littattafai, amma bai sake fitar da ƙagaggen aiki mai girman wancan ba. Labarin mako ya karɓi mutumin. Abin lura a wata shidan nan shi ne an biya shirun a fili: hukuma ta san ta ɗauke malami daga aji, ta san abin da hakan zai ci, ta sa shi a lissafi. Ba a dafa shi a ɓoye a bayan wata yarinya ba.

Ƙungiyoyinmu na al'adu suna kashe ƙarfinsu wajen bikin ƙaddamarwa, da haya ta kujeru da lasifika da ruwan sanyi na manyan baƙi, wato suna zuwa bayan an gama wahala. Da za a karkatar da kaɗan daga wannan zuwa gaban aikin, da an ga bambanci. Gidajen matasa da al'adu na garuruwanmu suna da ɗakunan da ke kulle yawancin safiyoyi. Ɗaki ɗaya da tebur huɗu, Asabar da Lahadi daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu, a ajiye salula a bakin ƙofa, ya isa a fara. In ana so malamai mata su zo, sai an tanadi mai kula da yara a inuwar tsakar gidan, a biya ta daga asusun ƙungiya, kuɗi a hannu, kada a ce ɗiyar wance za ta taimaka. A makarantar da ke da malamai goma sha biyu kuma, in ɗaya yana da littafi a hannu wanda abokan aikinsa suka karanta suka ga alamar rai a cikinsa, ba abin da zai gagara ba ne su raba awowinsa na Alhamis a tsakaninsu har zango ɗaya, da sanin darakta, bisa sharaɗin ya kawo babi biyu kafin hutu.